Ƙofar ragar sauro: abin da ya kamata ka sani kafin ka ba kafinta aiki

A arewacin Kamaru, kamar Garwa da ke bakin kogin Binuwai, ko Yagwa da Maga inda gonakin shinkafa suke, rufe ɗaki da magariba dole ne saboda sauro, amma zafi ba ya barin mutum ya rufe. Shi ya sa ake ƙara ƙofar raga a gaban ta ƙarfe. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi.

Wane katako ya fi dacewa?

Katakon da ke kasuwanninmu daga dazukan kudu yake zuwa, galibi ta Ngaundere. Ayus ya fi araha, ba shi da nauyi, yana da sauƙin sarrafawa, sai dai gara na son sa. Iroko ya fi tsada da nauyi, amma gara ba ta cika samun sa'arsa ba. A ganina bushewar katakon ta fi sunansa muhimmanci. In aka yi ƙofa da ɗanye a watan Agusta, kafin hunturu ya yi nisa za ta ƙanƙance ta murɗe, har ka iya zura yatsa ta gefe. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya sha 'yan makonni kafin zarto ya taɓa shi.

Yaya ake awo?

A auna faɗin bakin ƙofar a wuri 3: sama, tsakiya da ƙasa, domin magina ba su cika tayar da bango daidai ba. A ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage kamar milimita 3 kowane gefe. Bayan an haɗa firam, a ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon bai zo ɗaya ba, ƙofar ta karkace tun tana ƙasa.

Me ya sa take fara jan ƙasa bayan 'yan watanni?

Nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Raga ba ta riƙe komai, duk nauyin yana kan mahaɗar katako huɗu, kuma ƙusa kaɗai ba za ta ɗauke shi ba. A sassaƙa harshe a bakin katako ɗaya a shigar cikin ramin da aka fafe a jikin ɗayan, a sa gam, sannan a gitta katako a tsakiya. Sai tokari: katako a karkace, daga ƙasa ta gefen hinji zuwa sama ta gefen sakata. In waya za a ɗaure a madadinsa, akasin haka ake yi, daga sama ta gefen hinji zuwa ƙasa ta gefen sakata, don katako tokarewa yake yi, waya kuwa ja. Hinji 3 sun fi 2, kuma da sukuru za a ɗaura su.

Raga ta roba ko ta ƙarfe?

Ta roba rana na cinye ta, ta ƙarfe maras kyau kuma tsatsa. Ta alminiyam ta fi jurewa. Idonta kada ya wuce milimita 1.5. Wajen ja, a kwantar da firam, a tokare kansa da gindinsa da guntun katako, a danne tsakiya ya ɗan lanƙwasa, a kafe raga sama da ƙasa, sannan a saki. Da kanta za ta miƙe kamar fatar ganga. Gidan da ke da yara da awaki, a rufe ƙasan ƙofar da falanki zuwa gwiwa.

Ciki za ta buɗe ko waje?

Waje. Sauron da ya lafe a jikin raga, in ka tura ƙofar ciki tare kuka shiga. A sa mata sifirin, ko guntun robar tayar babur, da zai riƙa jan ta tana rufewa da kanta, don yara ba sa rufe ƙofa.

To, an huta da gidan sauro ke nan?

A'a. Sauron zazzaɓi da dare yake cizo, kuma ya saba shiga ta tazarar da ke tsakanin bango da kwano. In ba a toshe nan ba, ba a sa wa taga raga ba, ƙofar rabin aiki ta yi. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma bari yara 'yan ƙasa da shekara 5 su sha maganin rigakafin damina da ake rabawa a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru tun 2016.