Kushewun Sarakunan Kano da ke Wajen Ganuwa

Ba duk sarakunan Kano ne ke kwance a birni ba. Wasu ajali ya riske su a hanya, wasu a fagen daga, wasu kuma a ƙasar da aka kai su zaman dole. Wannan ne asalin laƙabin "Maje" da Kanawa ke liƙa wa sunan sarki bayan rasuwarsa: wanda ya je wuri kaza bai dawo ba. Da an ce Maje Ringim, Maje Karofi ko Maje Garko, an faɗi sunan sarkin, an kuma faɗi inda ya cika.

Dalili

Musulunci ya yi umarni da a gaggauta suturta mamaci, kuma a zamanin doki da raƙumi tafiyar da mota ke yi yau cikin awa biyu takan ci kwanaki. Babu hanyar da za a adana gawa a zafin ƙasar Hausa. Saboda haka inda sarki ya cika, nan ake yi masa wanka, a sa shi a likkafani, malaman da ke cikin tawaga su sallace shi. Kabarin ma irin na kowa ne: a haƙa uwa, a fitar da 'ya a tsakiya, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da ɗanyen laka, sannan a mayar da ƙasa. Abin da ke bambanta kushewar sarki da ta talaka, in akwai, shi ne katanga ko ɗan ɗakin da akan gina a kanta daga baya.

Burumburum

Muhammadu Alwali shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano. Da masu jihadi suka ci ƙarfinsa ya bar birni ya nufi Zazzau, daga baya ya komo Burumburum, a kudancin Kano, cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada ta yanzu. A nan aka cim masa aka kashe shi wajajen 1807. Shi ba a yi masa laƙabin "Maje" ba, domin waɗanda suka gaji gadon ba nasa ba ne.

Ringim da Karofi

Usman ɗan Ibrahim Dabo ya hau gadon mahaifinsa a 1846. Zamaninsa ya zo daidai da tashen Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya ƙi biyayya ga Sakkwato ya kuma addabi garuruwan gabashin Kano da hare-hare. Usman ya rasu a Ringim a 1855, can aka yi masa sutura. A lokacin Ringim gari ne na ƙasar Kano. Sai a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Ke nan yau Sarkin Kano guda yana kwance a wata jiha, ƙarƙashin wani sarki.

Ƙanen Usman, Abdullahi, ya gaje shi, ya yi shekara ashirin da bakwai yana mulki. A 1882 ya kama hanyar Sakkwato, ya rasu a Karofi ta ƙasar Katsina. Duk sarakunan Kano daga ɗansa Aliyu Babba, wato Alu, zuwa yau jininsa ne.

Garko

Kushewar da ta fi kowacce nauyin tarihi ita ce ta Garko, ko da yake mai ita, Yusufu ɗan Abdullahi, bai taɓa zama a Gidan Rumfa, fadar Kano, a matsayin sarki ba. Da Sarki Bello, wanda ya gaji Abdullahi, ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi, waɗanda suka sha tuɓe-tuɓe daga sarautu a zamanin Bello, suka ce ba su yarda ba. Suka fice daga birni ƙarƙashin jagorancin Yusufu, suka kafa sansani a Takai. Mafarin Basasar Kano ke nan, tsakanin Yusufawa da Tukurawa, yaƙin da ɗan'uwa ya zare wa ɗan'uwa takobi, garuruwa da dama suka ƙone.

Yusufu bai ga ƙarshen abin da ya faro ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Garko a 1894. Jama'arsa suka yi wa ƙanensa Aliyu Babba, wato Alu, mubaya'a, kuma shi ya shiga Kano da su a cikin shekarar. Tukur ya fice zuwa iyakar Katsina, aka gwabza a Tafashiya a farkon 1895, raunin da ya samu a can ya zama ajalinsa. Shugabannin ɓangarorin biyu duk a karkara suka kwanta. Duk mai son fahimtar yadda sarautar Kano ta koma gidan Abdullahi, ya kamata ya fara daga Garko da Takai kafin ya shiga birni.

Zuwan Turawa

A 1903 Turawa suka ci Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirinsa Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Shi kuwa Alu aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.  

Nasarawa

Daga Sarki Abbas al'adar ta sauya. Ya rasu a 1919 a gidan sarki na Nasarawa, wanda a lokacin yake bayan gari, aka binne shi a can, aka kira shi Maje Nasarawa. Tun daga nan gidan ya zama makwancin sarakuna: Abdullahi Bayero a 1953, Muhammadu Inuwa a 1963, Ado Bayero a ranar 6 ga Yuni, 2014. Mota ta kawar da uzurin nisa. Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda ya bar gado a 1963 ya zauna Azare sannan Wudil, a Wudil ya ƙarasa rayuwarsa, amma da ya rasu a 1991 sai aka kawo shi Nasarawa, kusa da mahaifinsa Abdullahi Bayero.