Saran maciji mai ƙararrawa

Maciji mai ƙararrawa maciji ne mai dafi da ba a samunsa sai a nahiyar Amurka, tun daga kudancin Kanada har Ajantina. Masana sun raba shi gida biyu, Crotalus da Sistrurus, kuma danginsa ɗaya da kasa da kububuwa. A ƙarshen wutsiyarsa akwai busassun ƙwanso da ke ƙaruwa duk sa'ad da ya yi saɓa, idan ya kaɗa su sai su yi amo kamar caki. Ba kullum yake kaɗawa kafin ya kai sara ba. Ya fi yawa a kudu maso yammacin ƙasar Amurka da arewacin Meziko.

Dafi da alamominsa

Dafin yawancinsu nama yake ci, ya kuma hana jini daskarewa. Wurin ya kan yi zafi da kumburi, fata ta yi duhu, ƙuraje masu jini su fito. Wasu suna jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, da jiri da amai. Dafin na hamadar Mojave, a ƙasar Amurka, da na Kudancin Amurka suna taɓa jijiyoyi, har fatar ido ta sauko, numfashi ya yi wuya, ko da kumburin bai taka kara ya karya ba.

Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa macizai masu dafi na saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara a ƙasar Amurka, kuma kimanin biyar ne ke mutuwa. Kusan sara ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya zuwa da dafi, sai dai a daji ba mai iya tantance wannan da ido.

Tarihin magani

A ƙarni na 19 makiyayan shanu da masu haƙar zinariya na yammacin Amurka barasa suke ɗura wa wanda aka sara. Wasu su zuba albarushi a kan raunin su cinna wuta, wasu su tsaga kaza da ranta su manna. Da yake da yawa suna tashi ko ba magani, kowace dabara sai ta samu masu shaidarta. Daga baya aka shiga sayar da ƴan akwatuna masu reza da robar tsotsa, har littattafan agajin gaggawa suka riƙa koyar da tsaga da tsotsa da ɗauri. An kuma yi yayin ɗora ƙanƙara, sannan a wajajen 1986 aka yayata jona wa raunin lantarki. Duk an bar su. Tsaga tana yanke jijiya ta jawo ruɓa, ɗauri mai tsanani yana tara dafin wuri ɗaya har a rasa hannu ko ƙafa. Famfon tsotsa kuwa, da aka gwada shi, abin da yake fitarwa bai kai a ambata ba, amma abin takaici har yau yana nan a shagunan kayan yawon daji.

Allurar kashe dafi ta faro ne da aikin likitan Faransa Albert Calmette a wajajen 1895. Likitan Burazil Vital Brazil, wanda ya jagoranci Cibiyar Butantan ta São Paulo tun 1901, ya nuna cewa allurar da aka haɗa don gamsheƙa ba ta aiki a kan macizan Burazil, kowane dangi da tasa. A Amurka an daɗe ana amfani da ta kamfanin Wyeth, ta jinin doki, tun shekarun 1950. A 2000 aka amince da CroFab, ta jinin tumaki, a 2015 kuma Anavip.

Agaji a daji

Ba abin da ke kashe dafin sai allurar asibiti, don haka agajin duka na kai mutum can ne da wuri. A fara matsawa nesa da macijin. Kada a tsaya neman kashe shi, domin ko yankakken kansa yana iya sara. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya riƙe su. A wanke wurin, a rufe da tsumma mai tsabta ba tare da matsewa ba. A zana layi da biro a bakin kumburin, a rubuta lokaci a gefensa, a sake bayan kowane minti 15 zuwa 30. Da waɗannan layuka likita zai gane saurin tafiyar dafin. Ba a ba da barasa, ko asfirin da ibuprofen, saboda suna ƙara zubar jini.

Inda babu sabis, wayar tauraron ɗan adam ke kiran masu ceto. Wanda yake shi kaɗai, ba hanyar kira, gara ya taka a hankali zuwa mota da ya zauna jira. Akwai saɓani kan ko a ɗaga gaɓar sama ko a bar ta daidai da zuciya. Naɗin bandeji irin na Ostareliya kuwa, wato naɗe gaɓar duka da bandeji mai matsewa, yawancin likitocin Amurka ba su yarda da shi ga wannan maciji ba.

A asibiti ana riƙe mutum aƙalla awa takwas ko da ba alama, kuma matsalar jini na iya dawowa kwanaki bayan sallama.