Injiniyancin Tsari Bisa Samfuri a Ayyukan Sararin Samaniya

Injiniyancin tsari bisa samfuri, wanda ake taƙaitawa da MBSE, hanya ce ta tsara manyan na'urori inda ake zuba bayanan aikin a cikin samfuri guda na kwamfuta, maimakon a warwatsa su cikin tarin takardu. Samfurin yana ɗauke da abin da ake so na'urar ta yi, da sassanta, da yadda kowane sashe yake hulɗa da saura. Ƙungiyar injiniyoyin tsari ta duniya, INCOSE, ta fayyace ma'anarsa a 2007, shekarar da aka fitar da siga ta farko ta SysML, harshen zane da aka fi amfani da shi a wannan fanni.

Kumbo na'ura ce da komai nata yake ɗaure da komai. Idan kyamara ta ƙara nauyi, sai a sake lissafin mai. Idan ta ƙara cin wuta, sai a taɓa farantan hasken rana da tsarin sanyaya ta. In da takardu ake aiki, wani rukuni kan ci gaba da lissafi da tsohon adadi bai sani ba. A samfuri kuwa, wuri ɗaya adadin yake zaune, kowa daga nan yake ɗauka.

Misalin da aka fi kawowa shi ne kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA, wanda ya salwanta ranar 23 ga Satumba, 1999. Manhajar kamfanin Lockheed Martin tana ba da ƙarfin turin injin da ma'aunin fam, masu sarrafa tafiyar a JPL, cibiyar binciken NASA, kuma suna karanta shi da ma'aunin niyuton, bambancin ninki 4.45. Kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, ya halaka. Samfuri ba layar tsari ba ne, amma SysML yana ba da damar liƙa wa kowane adadi ma'auninsa, ta yadda irin wannan saɓani zai fito tun da wuri.

Tun kafin sunan MBSE ya bazu, JPL ta kafa rukunin tsara ayyuka mai suna Team X a 1995, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai kuma ta buɗe zaurenta na tsara aiki tare a Noordwijk ta ƙasar Holan a 1998. A duka biyun, ƙwararru kan zauna ɗaki ɗaya suna aiki da bayanai guda. Daga baya an yi amfani da SysML wajen tsara kumbon Euclid na Turai, da aka harba a 2023, da kumbon Europa Clipper na NASA, da ya tashi ranar 14 ga Oktoba, 2024.

Inda gizo ke saƙa shi ne haɗa bayanan. Manhajar zanen ƙarafa daban, ta lissafin zafi daban, kuma ba sa fahimtar juna kai tsaye. Wasu kamfanonin ma manhajar Capella ta kamfanin Thales suke amfani da ita, ba SysML ba. Shi ya sa siga ta biyu ta SysML ta zo da rubutaccen salo da daidaitacciyar ƙofar musayar bayanai tsakanin manhajoji. Takardu dai ba su ƙare ba, domin kwamitocin bita har yanzu su suke nema. Manhajar OpenMBEE, da ta samo asali daga JPL, tana fitar da su kai tsaye daga samfurin.