Da izinin wa motar sulke take fitowa daga teku? Fashin baƙin yarjejeniyar VFA tsakanin Amurka da Filifin

A watan Mayun 2024, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Harpers Ferry ya buɗe ƙofar bayansa a ruwan tsibirin Palawan na ƙasar Filifin, wasu motocin sulke masu taya takwas suka riƙa tsunduma cikin teku ɗaya bayan ɗaya. Ba su nutse ba, domin an ƙera su ne su yi iyo a ruwa su kuma yi gudu a tudu. ACV ake kiransu, kuma wannan ne karon farko da rundunar Marines, wato sojojin Amurka da ake saukewa daga teku su yi yaƙi a tudu, ta fita da su atisaye a ƙetare. Sunan atisayen Balikatan, ma'anarsa da harshen Tagalog na Filifin "kafaɗa da kafaɗa". Kusan kowace shekara ake yin sa, kuma na 2023 ya tara sojoji sama da 17,000.

Duk wanda ya taɓa shigo da ko da tsohuwar mota ta kan iyaka zai ga abin mamaki a nan. Ga mota mai nauyin sama da tan 30, da bindiga a kanta, ta shigo ƙasar mutane ba ta bi ta hannun kwastan ba. Ba ta da lambar ƙasar, direbanta ba shi da lasin ƙasar, kuma babu wanda ya buga masa hatimi a fasfo. Abin da ya halatta wannan duka wata gajeriyar takarda ce mai sashe tara kacal, Yarjejeniyar Dakaru Masu Ziyara, wadda aka fi sani da VFA.

Asalinta daga kora ne. Amurka ta mallaki Filifin har zuwa 1946, bayan 'yancin kai kuma ta ci gaba da riƙe manyan sansanoni biyu, na jiragen sama a Clark da na jiragen ruwa a Subic. Da aka kifar da mulkin Ferdinand Marcos, kundin tsarin mulkin 1987 ya zo da sharaɗi a Babi na 18, sashe na 25: idan wa'adin yarjejeniyar sansanonin ya cika a 1991, ba za a ƙara yarda da sansani ko dakaru ko kayan sojan wata ƙasa ba, sai da yarjejeniyar da Majalisar Dattawa ta amince da ita, wadda ita ma ɗayar ƙasar ta ɗauke ta a matsayin yarjejeniya. Ranar 16 ga Satumba 1991 majalisar ta ƙi sabunta zaman sansanonin da ƙuri'a 12 a kan 11. Kafin ƙarshen 1992 sojan Amurka na ƙarshe ya bar Subic.

Yarjejeniyar tsaron juna ta 1951 tana nan ba a soke ta ba, amma ita alkawari ce ta kai ɗauki idan an kai wa ɗayansu hari. Ba ta faɗi matsayin sojan da ya zo atisaye ba. Da Sin ta kafa gine-gine a kan tudun murjani na Mischief, wanda Filifin ke cewa nata ne, a 1995, gwamnati a Manila ta sake lissafi. An sa hannu kan VFA ranar 10 ga Fabrairu 1998, Majalisar Dattawa ta amince a Mayun 1999. Masu adawa suka garzaya Kotun Ƙoli da hujja mai ƙarfi: mu mun kai ta majalisarmu, su Amurkawa ba su kai ta tasu ba, to ta yaya aka cika sharaɗin kundin? A Oktoban 2000 kotu ta ce muddin Amurka ta yarda takardar ta ɗaure ta, ya wadatar. Wanda ya bi abin da ya faru a Nijar zai ji ƙanshin wannan gardama, domin a Maris ɗin 2024 da gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar zaman sojojin Amurka, hujjarta ita ce ba a bi hanyar da tsarin mulki ya shimfiɗa ba wajen ƙulla ta.

Ɓangaren da ya shafi ƙarfe da inji ba shi da wani tarnaƙi. Sashe na 3 ya yafe wa sojoji fasfo da biza, katin shaida da takardar umarnin tafiya sun isa. Sashe na 4 ya ce lasin tuƙin da Amurka ta ba sojanta karɓaɓɓe ne ba tare da gwaji ko biyan kuɗi ba, motocin gwamnatin Amurka kuma ba sai an yi musu rajista ba, a dai sa musu alamar da za a gane su. Sashe na 7 ya cire haraji kan kayan da aka shigo da su da waɗanda aka fitar. Sashe na 8 ya ce jiragen ruwa da na sama sai da amincewar gwamnatin Filifin za su shigo, amma ba za su biya kuɗin tasha ko na sauka ko na hanya ba. Hatta binciken cututtuka a cikin jirgi, kwamandan jirgin ne zai yi da kansa ya ba da takardar shaida.

Ita kuwa lafiyar motar, takardar ba ta ce komai a kanta ba. Wannan hurumin mai mota ne. Tsohuwar motar da ACV ta gada, AAV-7 mai ƙafafun sarƙa irin na katafila, tun 1972 take aiki, tana ɗaukar sojoji 21 ban da masu sarrafa ta. Ranar 30 ga Yuli 2020 ɗaya ta nutse a atisaye kusa da tsibirin San Clemente na Kalifoniya, mutum tara suka mutu. A Disambar 2021 rundunar Marines ta hana shiga ruwa da ita sai in wani rikici ya tilasta. Wannan hukunci daga cikin gida ya fito, ba wata ƙasar da ke karɓar baƙuncin atisaye ce ta nema ba.

Me aka yarda baƙin su yi da waɗannan motoci? Takardar ta yi amfani da kalma mai faɗi, "ayyukan da gwamnatin Filifin ta amince da su", ba ta lissafa su ba. A 2002, da aka kai atisayen Balikatan tsibirin Basilan inda ake fafatawa da 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf, sai lauyoyi suka ce ai wannan yaƙi ne aka sa wa rigar atisaye. Kotun Ƙoli ta ce horo da ba da shawara suna cikin abin da kalmar ta ƙunsa, amma sojan Amurka ba shi da izinin shiga faɗa a ƙasar Filifin sai don kare kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 5, wanda ya fi kowane tsawo, mai magana kan wa zai hukunta sojan da ya yi laifi. A fuska, fifiko na Filifin ne. Amurka tana da fifiko a wuri biyu kawai: laifin da ya tsaya kan dukiyarta ko tsaronta ko mutanenta, da laifin da aka yi a bakin aiki. To wa zai ce a bakin aiki aka yi? Kwamandan Amurka ne zai rubuta takardar shaida, kuma wannan takarda hujja ce isasshiya. Idan Manila ba ta gamsu ba, abin da ya rage mata shi ne neman a zauna a tattauna. A ɗauka motar sulke ta fito daga ruwa ta take kwale-kwalen masunci, ko ta buge mai babur a hanyar komawa sansani. Da wuya a ce ba bakin aiki ba ne, don haka shari'ar direban a hannun sojan Amurka za ta kasance. Ko a laifin da fifikon na Filifin ne, ta yi alkawarin janyewa in Amurka ta roƙa, sai dai idan ta ga lamarin na da muhimmanci na musamman, ta kuma sanar cikin kwana 20.

Sai maganar tsarewa, wadda ita ce ta fi ƙona ran 'yan ƙasar. Daga lokacin da aka yi laifi har a gama shari'a, wanda ake zargi yana hannun sojan Amurka in sun nema, su ne za su riƙa kawo shi kotu. Idan shari'a ta wuce shekara guda, ban da lokacin ɗaukaka ƙara, wannan nauyi na kawo shi ya sauka daga kansu. A ƙasar da shari'a kan yi shekaru ana ɗagewa, ni a ganina wannan sharaɗi igiya ce a wuyan alƙali. Ko an yanke hukunci ma, wurin ɗaurin sai wanda ƙasashen biyu suka amince da shi.

An gwada wannan sashe sau biyu a idon duniya. A Disambar 2006 wata kotu a birnin Makati na Filifin ta sami wani ƙaramin sojan Marines da laifin fyaɗe a Subic, ta tura shi kurkukun birnin. Amurka ta ce ai shari'a ba ta ƙare ba tunda an ɗaukaka ƙara, ta kuma sanar da soke Balikatan na shekara mai zuwa. Kafin watan ya ƙare aka ɗauke shi da dare zuwa ofishin jakadancin Amurka, atisaye ya dawo. A Fabrairun 2009 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa VFA kanta, domin bayan hukunci hukumomin Filifin ne ya kamata su tsare shi. Watanni biyu bayan nan kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, ya bar ƙasar.

Na biyun ya taso ne daga atisayen saukar dakaru daga teku. A Oktoban 2014 wani sojan Marines mai suna Joseph Scott Pemberton, wanda ya zo a jirgin Peleliu, ya yi kisa a wani otal a Olongapo. An yanke masa hukunci a Disambar 2015, amma bai kwana a babban gidan yarin ƙasar ba. An ajiye shi shi kaɗai a wani keɓaɓɓen wuri cikin hedikwatar sojan Filifin, har Shugaba Rodrigo Duterte ya yi masa afuwa a Satumbar 2020.

Ɓarnar dukiya tana sashe na 6. Gwamnatocin biyu sun yafe wa juna asarar kayan soja da mutuwa ko raunin sojoji a irin waɗannan ayyuka. Talakan da aka ɓata wa gona ko taru kuwa, Amurka ta yi alkawarin biyan diyya, amma bisa dokarta ta biyan diyya a ƙetare, wato ita ce mai auna ko ƙorafin ya cancanta. A Janairun 2013 jirgin share nakiyoyi na Amurka mai suna Guardian ya hau kan murjanin Tubbataha, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya, ya lalata sama da murabba'in mita 2,300. Masu kare muhalli suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce sassaucin kariyar da ke cikin VFA na shari'ar laifi ne kawai, batun diyya a bi ta diflomasiyya. A farkon 2015 Amurka ta biya kusan peso miliyan 87, kuɗin Filifin.

Kada a rikita VFA da EDCA ta 2014, wadda ta ba Amurka damar yin gini da ajiye kaya a wasu sansanonin Filifin, guda biyar da farko, suka zama tara a 2023. Kotu ta ɗauke ta a matsayin reshen VFA, shi ya sa ba a kai ta majalisa ba.

Darajar irin wannan takarda ta fi fitowa a wurin wanda ba shi da ita. A Oktoban 2018, a atisayen Kamandag, motocin AAV-7 huɗu na Japan sun fito gaɓar lardin Zambales na Filifin. Sojojin da ke biye da su ba su riƙe makami ba, aikinsu kwashe waɗanda aka yi kamar sun ji rauni. Akwai takunkumin sashe na 9 na kundin tsarin mulkin Japan, wanda ya haramta mata yin yaƙi, akwai kuma rashin yarjejeniya irin ta Amurka ko ta Ostareliya, wadda tata ta fara aiki a 2012. Sai a Yulin 2024 Tokyo da Manila suka sa hannu kan tasu, ta fara aiki a Satumbar 2025.

Sashe na 9 na VFA ya ce kowane ɓangare na iya fita da sanarwar kwana 180. Duterte ya gwada: a Fabrairun 2020, bayan Amurka ta soke bizar na hannun damansa Sanata Ronald dela Rosa, ya aika da takardar fita. Kafin kwanakin su cika ya dakatar da ƙidayar, ya sake dakatarwa har sau biyu, sannan a ƙarshen Yulin 2021, bayan ganawa da sakataren tsaron Amurka Lloyd Austin, ya janye takardar baki ɗaya. Yarjejeniyar ta dawo yadda take, sashe na 5 ma ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba.