Tsarin wurin zaman mai tace bidiyo da ciwon maimaita motsi

Ciwon maimaita motsi, wanda likitoci ke taƙaitawa da RSI, suna ne da ya tattara cututtuka da dama na tsoka da jijiyoyi da ke kama yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa da wuya, idan mutum ya daɗe yana yin motsi iri ɗaya ko yana zaune a yanayi ɗaya ba sauyi. Masu tace bidiyo suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, dan aikinsu kusan duk a hannu ɗaya ya ta'allaƙa. Ciwon kuma ba zamanin kwamfuta ne ya kawo shi ba, tun a farkon ƙarni na 18 likitan nan ɗan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta yadda zama da riƙon alƙalami ke lalata hannun magatakarda, sannan a shekarun 1980 matsalar ta yi ƙamari tsakanin ma'aikatan ofis a Ostireliya har sunan RSI ya bazu.

Yadda aikin tacewa ke cin hannu

Mai buga rubutu yatsu goma yake aiki da su, shi kuwa edita, wato mai tacewa, hannun dama na kan maus daga safe har dare, ya danna ya riƙe ya ja guntun bidiyo a kan taimlayin, wato layin da ake jera guntayen bidiyo a manhaja, ya saki, ya dawo da shi baya dan ya wuce da firem biyu. A daƙiƙa ɗaya ta bidiyo akwai firem, wato hoto ɗai-ɗai, 24 ko 25 ko 30, to ka ga irin saitin da ake nema, kuma duk lokacin da mutum ke neman saiti irin wannan sai tsokar hannu ta ɗaure ba tare da ya sani ba. Wannan danna-ka-riƙe ɗin ya fi dannawa kawai wahalar da hannu nesa ba kusa ba.

A cikin wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya da jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu ke bi, tare da wata jijiyar ji guda ɗaya da ke kai saƙo ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na huɗu. In hannu ya karye sama ko gefe yana aiki, jijiyoyin nan sai su riƙa goguwa kamar igiyar guga a bakin rijiya, wurin ya kumbura, jijiyar ji ta matsu. Daga nan sai mutum ya fara jin yatsun nan sun yi dindiris ko kamar ana tsira masa allura, galibi da daddare har ya tashe shi daga barci yana yarfe hannu. Ƙaramin yatsa baya shiga ciki, tunda tasa wata jijiyar ce daban da ke bi ta gwiwar hannu, kuma ita ce ke matsuwa in mutum ya saba dogara gwiwar hannunsa a kan katako. Akwai kuma ciwon gindin babban yatsa da aka sa wa sunan likitan Suwizalan Fritz de Quervain, wanda ya bayyana shi a 1895, da ciwon bayan gwiwar hannu irin na 'yan wasan tanis.

Kujera, tebur da sikirin

Daga kujera ake farawa, sauran kaya su biyo ta. Tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa, cinya a kwance, a bar ɗan fili kamar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa, majinginar kuma ta tokare ƙugu. Sai a sauke kafaɗa a bar hannu ya sauko kusa da jiki, gwiwar hannu ta lanƙwashe wajen digiri 90 zuwa 120, to daidai nan kibod da maus ya kamata su kasance. In tebur ya yi tsawo a ɗaga kujera a sa matashi a ƙasan ƙafa, kada a bari kafaɗa ce ke ɗagawa tana cike gurbin.

Saman sikirin ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisansa kamar santimita 50 zuwa 100, wato wajen tsawon hannu. Nan ne masu tacewa suke da matsalarsu ta daban, dan da yawa sikirin biyu ko uku suke aiki da su, ɗaya na taimlayin ɗaya na kallon hoto, sai ka ga an jera su an bar tsakiya a gaban hanci, mutum ya wuni wuyansa a karkace. Wanda aka fi kallo shi za a sa a gaba sosai, ɗayan a gefe a ɗan juyo shi. Kan babban mutum ya kai kilo biyar, in ya leƙa gaba yana duba ƙananan rubutun manhaja wuya ne ke biyan kuɗin, maganin kuwa a ƙara girman rubutun. Masu gyaran kala da ke aiki a ɗaki mai duhu sukan sa 'yar fitila mara kala a bayan sikirin dan ido ya huta. Laftop kuwa gaskiya ba a ƙera ta dan wuni ana tacewa ba, in sikirin ya yi daidai kibod ya yi sama, sai an ɗora ta a kan wani abu an haɗa mata kibod da maus na waje.

Rage wa maus aiki

Wannan shi ne abin da ya fi komai tasiri ga edita, ya fi sayen kujera mai tsada a ganin masu aikin da yawa. Manhajojin tacewa irin su Premiere Pro, DaVinci Resolve, Avid Media Composer da Final Cut Pro duk sun yarda da maɓallan J, K da L, J baya, K tsayawa, L gaba, sai I da O na sa alamar farko da ƙarshen yanki. Wanda ya saba da su, ya kuma jera shotkot, wato maɓallan gajeriyar hanya, da ya fi bukata a ƙarƙashin hannun hagu, ya raba aikin tsakanin hannu biyu. Amma a kula da shotkot masu sa hannu ɗaya ya buɗe kamar zai tsage, gara a sauya su ko a danna da hannu biyu.

Kibod mai ɓangaren lambobi a dama yana tura maus can nesa, sai kafaɗa ta buɗe tana miƙawa duk wuni, shi ya sa wasu ke komawa gajeren kibod. 'Yan ƙafafun bayan kibod ɗin nan ma gara a kwantar da su, ɗaga su ƙara karya wuyan hannu yake. Akwai maus na tsaye da ake riƙewa kamar ana musafaha, akwai mai ƙwallo, akwai allon alƙalami irin na Wacom, da na'ura mai dabaran juyawa kamar Speed Editor na kamfanin Blackmagic Design. Babu ɗaya a ciki da za a ce shi ne magani ga kowa, mai ƙwallon babban yatsa ma kan ƙara wa mai ciwon gindin yatsa ciwo, amfanin dai a riƙa sauyawa tsakaninsu.

Hutu da tsayuwa

Hukumar HSE mai kula da lafiya da tsaro a wurin aiki ta Birtaniya ta ce gajeren hutu akai-akai, minti 5 zuwa 10 duk awa, ya fi dogon hutu jefi-jefi, kuma dokar Tarayyar Turai ta 1990 kan aikin sikirin ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin tsara hutu ko sauyin aiki. Ga ido akwai ƙa'idar 20-20-20, duk minti 20 a kalli abu mai nisan ƙafa 20, kamar mita shida, na daƙiƙa 20. Lokacin da kwamfuta ke renda, wato tana haɗa bidiyon da aka tace, dama ce ta miƙewa, sai dai yawanci nan ne ake zaro waya a ci gaba da aikin babban yatsa. Shahararren editan fim na Amurka Walter Murch a tsaye yake tacewa, amma tsayuwa wuni guda ita ma tana da nata ciwon ƙafa da baya, shi ya sa aka fi son tebur mai hawa da sauka.

In dindiris ɗin ya ƙi tafiya, ko abu ya fara suɓucewa daga hannu, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, gyaran tebur kaɗai ba zai isa ba, sai an ga likita. Yawanci ana farawa da takalmin hannu da ake ɗaurawa da daddare da gashin ƙashi, wani lokaci allurar rage kumburi, in jijiyar ta matsu sosai kuma sai tiyatar da ake yanke zaren da ya rufe hanyar nan ta wuyan hannu dan a buɗa mata wuri.