Daniel Comboni, bishop ɗan Italiya da ya rasu a Kartum

Daniel Comboni (15 ga Maris 1831 zuwa 10 ga Oktoba 1881) limamin cocin Katolika ne ɗan ƙasar Italiya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aikin mishan a Sudan, a 1877 aka naɗa shi bishop na yankin da cocin ke kira Afirka ta Tsakiya, hedikwatarsa tana Kartum. Shi ya kafa ƙungiyoyin mishan guda biyu, ta maza da ta mata, waɗanda har yanzu da sunansa ake kiransu.

Tasowarsa

An haife shi a Limone, wani ɗan ƙauye a bakin tafkin Garda, lokacin ma yankin yana hannun daular Ostiriya. Babansa Luigi aikin lambu yake yi a gonar wani mai hali, mamansa sunanta Domenica, 'ya'ya takwas suka haifa amma shi kaɗai ya rayu ya girma. Yana shekara 12 aka kai shi Verona makarantar wani fada, wato limamin coci, mai suna Nicola Mazza, mai ɗaukar yaran talakawa masu ƙwaƙwalwa, to a can ne maganar Afirka ta shiga ransa. Ranar 31 ga Disamba 1854 ya zama fada.

Tafiyar farko

A 1857 suka taso su shida daga makarantar Mazza. Tafiyar nan fa ba wasa ba ce, daga Alkahira jirgin ruwa suka bi ta kogin Nilu har Korosko, daga nan sai raƙumi cikin hamadar Nubiya, ruwan sha a salka rana ta dafa shi, sannan suka sake komawa ruwa, sai a Janairun 1858 suka ga Kartum. Ba su tsaya ba suka ƙara nausawa kudu cikin ƙasar Dinka, wajen ba komai sai fadama da sauro. Zazzaɓi ya fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, uku daga cikin abokan tafiyarsa suka mutu, yana can kuma wasiƙa ta iso cewa mahaifiyarsa ta rasu, ɗan da ya rage mata shi kaɗai ko jana'iza bai samu ba. A 1859 shi ma jiki ya ƙi, dole aka maido shi gida.

Tsarin da ya kawo

Nan ne asalin abin da ya sa ake tunawa da shi. Comboni ya zauna ya duba lamarin da idon basira, ya ga Bature in ya shiga cikin Sudan ba ya daɗewa sai kabari, yaran Afirka kuma da ake kaiwa Turai karatu sanyi na kayar da su, wanda ya rayu ma sai ya dawo ya zama baƙo a cikin danginsa. Ranar 15 ga Satumba 1864 yana addu'a a cocin Bitrus da ke Rum dabara ta zo masa, ya zauna ya rubuta ta, taƙaicenta shi ne a ceci Afirka da hannun 'yan Afirka. Wato a buɗe makarantu a wuraren da Bature da baƙar fata duk za su iya rayuwa, a koyar da samari da 'yan mata karatu da sana'a da aikin jinya da addini, su kuma su koma cikin mutanensu su riƙe aikin da kansu.

Gaskiya a zamanin da ake ta musu a Turai kan ko baƙar fata zai iya karatu mai zurfi, mutum ya tashi ya ce su ne za su zama malamai da limamai, ai ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka shi ma ɗan zamaninsa ne, kallon mutanen da ke cikin duhu yake wa 'yan Afirka, kuma wannan bai kamata a ɓoye shi ba.

Ya zaga Turai yana neman kuɗi da ma'aikata. A 1867 ya kafa ƙungiyar maza a Verona ya kuma buɗe makarantu a Alkahira, a 1870 ya halarci babban taron Vatican na farko inda ya samu bishop 70 suka sa hannu a takardar roƙo kan Afirka, a 1872 kuma ya kafa ƙungiyar sistoci, don ya yi imani ba mata aikin ba zai je ko'ina ba.

Kordofan da bayi

Ya buɗe mishan a El Obeid da ke yankin Kordofan, da kuma Dilling a duwatsun Nuba. El Obeid dai tana kan hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa zuwa Makka a da, kuma lokacin babbar kasuwar bayi ce. Comboni ya yi ta rubuta wa Turai abin da idonsa ya gani, yara a ɗaure ana kora su kamar awaki, mishan ɗinsa kuma ya zama mafakar waɗanda suka gudo ko aka fanso. Kusa da garin ya kafa ƙauyen noma a Malbes inda 'yantattun bayi ke aure su yi gonarsu. Cikin yaran da ya karɓa akwai wani ɗan Dinka, Daniel Sorur, wanda daga baya ya zama fada a 1887.

Ranar 12 ga Agusta 1877 aka tsarkake shi bishop, yana dawowa Sudan sai ya tarar da fari da yunwa sun cinye ƙasar, ga annoba, ma'aikatansa na ta mutuwa, ga bashi ya yi masa katutu saboda hatsin da yake saya yana rabawa, ga kuma ƙorafi da ƙazafi da wasu 'yan uwansa na coci ke aikawa Rum a kansa, wanda ya fi komai ci masa rai.

Rasuwarsa

Zazzaɓi ya kwantar da shi a Kartum, ya cika ranar 10 ga Oktoba 1881 yana da shekara 50, waɗanda ke kansa sun ce ya faɗa musu shi zai mutu amma aikinsa ba zai mutu ba. A shekarar ce Muhammad Ahmad ya ayyana kansa Mahadi, El Obeid ta faɗa hannun dakarunsa a 1883, Kartum a 1885, aka rushe mishan ɗin, wasu fadoji da sistoci suka yi shekaru a tsare, kabarinsa ma bai tsira ba. Bayan 1898 mabiyansa suka dawo, a 1929 suka buɗe Kwalejin Comboni a Kartum, wadda 'ya'yan Musulmi da na Kirista suka yi karatu a cikinta tare.

Paparoma John Paul na biyu ya ayyana shi mai albarka, wato matakin kafin waliyyi, ranar 17 ga Maris 1996, sannan waliyyi ranar 5 ga Oktoba 2003. Warakar da cocin ta ɗauka a matsayin mu'ujiza ta dogara da ita a mataki na ƙarshe ta wata mata ce Musulma 'yar Sudan, da ta kusa rasa ranta wajen haihuwa a asibitin sistocinsa da ke Kartum.