Ƙaramin rami a jakar zuciya ya fi rashinta haɗari

Zuciya tana zaune cikin wata jaka mai tantani biyu, da ɗan ruwa mililita 15 zuwa 50 a tsakaninsu mai hana guga. Akan haifi mutum babu wannan jakar, ko da rami a jikinta, galibi ta hagu. Larura ce da ba kasafai ake gani ba, kuma yawanci sai an ɗauki hoton ƙirji don wani ciwon daban take bayyana.

A hoton ƙirji, zuciya kan karkata hagu sosai alhali maƙogwaro yana tsakiya, sai a ga huhu ya kutsa tsakanin manyan jijiyoyi biyu da ke fitowa daga zuciya, ko tsakanin zuciya da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan ishara ce kawai. Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti kamar sikanin ciki, shi ma yakan ruɗi likita, domin zuciyar ta juya, sai ɗakinta na dama na ƙasa, ɗaya daga cikin ɗakunan zuciya huɗu, ya yi kamar ya kumbura. Amma dole a yi shi, saboda kusan kashi ɗaya cikin uku na masu larurar suna da wata naƙasar, kamar rami tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama.

MRI ko sikanin CT, na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, su ne ke raba gardama. Kaurin jaka mai lafiya bai wuce milimita 2 ba, shi ya sa waɗannan na'urori ne ke iya nuna inda ta yanke. Idan gefen hagu duka ne babu, sau da yawa ba a taɓa komai. Idan kuwa rami ne ƙarami, wani sashe na zuciya na iya zurmawa ciki, bakin ramin ya shaƙe shi ko ya danne jijiyar da ke ciyar da zuciya. Irin wannan ne ke jawo tiyata, don haka kada a tsaya a hoton farko.

MRI na ɗaukar minti 45 zuwa awa ɗaya, ana riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15 lokaci bayan lokaci. A cire duk wani ƙarfe, wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya faɗa tun kafin a shiga. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda su sanar kafin CT.

Idan aka samu ciwon ƙirji mai suka, ko sarƙewar numfashi idan an kwanta a gefe guda, ko suma, a garzaya asibiti tare da tsofaffin hotuna.